Goge shi kaɗai, babu mai rakiya: faifan wa za a fara da shi?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani dattijo ne tsaye shi kaɗai, gogen Turawa a kafaɗarsa, ba piyano, ba ganga, ba mai waƙa, ya yi kusan minti 15 yana kiɗa bai tsaya ba. An rubuta sunan Bach a ƙasan hoton. Tun ranar abin ya ƙi fita daga raina. Da na je neman irinsa sai na tarar da makaɗa barkatai, kowa da nasa faifan. Tunda koyar da wannan kiɗa ne sana'arka, na wa ka fi so, kuma daga ina zan fara?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma madalla da wannan tambaya. Ina kyautata zaton abin da ya kama ka shi ne Chaconne, wanda ake furtawa "shakon", wato babi na ƙarshe a jerin kiɗan da ake kira Partita ta biyu, na mai tsara kiɗa Bajamushe Johann Sebastian Bach. Ba kai ne na farko da ya hana wa barci ba. In amsar gaggawa kake so, ga ta: ka fara da Arthur Grumiaux, ka zauna da Nathan Milstein na 1973, in ka kwana biyu ka je wurin Rachel Podger ta wanke maka kunne. Sai dai ba na son in miƙa maka sunaye kamar takardar cefane. Bari in nuna maka mudun da nake awo da shi, yadda ko gobe ka ci karo da sabon makaɗi za ka iya auna shi da kanka.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mai goge a gaban babbar ƙungiyar makaɗa, mutum 60 ko 70 suna bayansa, cikin miya yake tsamo-tsamo. In sautinsa ya yi rauni a wani wuri, akwai masu rufa masa asiri. A nan kuwa gayan tuwo ne. Duk inda yatsa ya kauce da kaurin gashi, duk inda izga ta karci tsirkiya, har numfashin da ya ja kafin ya fara, makirufo zai kwashe ya ajiye.

Akwai kuma wahalar da ta fi wannan. Gogenmu na gida tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, murya ɗaya yake fitarwa, kuma ba ya fita shi kaɗai: ga masu ƙwarya a gefe, ga 'yan amshi. Gogen Turawa tsirkiya huɗu ne, amma jakin da suke hawa, ɗan katakon nan da ke ɗaga su, a lanƙwashe yake kamar bayan ƙwarya. Saboda haka izga ba ta iya zama a kan fiye da tsirkiya biyu a lokaci guda. Uku sai an danna, kuma na ɗan ƙiftawar ido. To, Bach ya zo ya rubuta wa wannan abu kiɗa mai murya uku, wani wurin ma huɗu, kowace da hanyarta. Dabararsa ita ce ya fara murya, ya bar ta a rataye, ya tafi ga wata, ya dawo ya ɗauki ta farko daidai inda ya ajiye ta, kunnenka kuma ya cike gurbin da kansa. Mu da muka tashi da bayarwa da amshi mun san wannan sarai: ko 'yan amshi sun yi shiru kana jin su a ka, ka san inda za su faɗo. Mudun nawa ke nan. Makaɗin da zai sa in ji amshin da ba a yi ba, shi ne gwani a wurina. Wanda ya buga duk abin da ke takarda daidai, amma murya ɗaya tak ke iso mini, ko ya fi walƙiya sauri bai gama aikinsa ba.

Wanda ya tabbatar mini da wannan mudu bai taɓa ganin takardar kiɗa ba. Wani tsohon mai goge ne da muka yi zaman unguwa ɗaya, Allah ya jiƙansa. Wata rana bayan la'asar na same shi a zaure yana shafa wa izga ƙaro. Na ajiye 'yar rikoda a tabarma, na sa masa kaset ɗin Milstein, babi na uku na Sonata ta biyu, wanda ake kira Andante. A wannan babin akwai waƙa mai taushi a sama, a ƙarƙashinta kuma wani sauti na bugawa a kai a kai kamar bugun zuciya, kuma izga ɗaya ce ke yin duka biyun. Tsohon ya dakata da abin da yake yi. Can ya ce, "Su biyu ne ko uku?" Na ce, "Baba, mutum ɗaya ne." Ya ce in maido. Na maido. Wannan karon ya rufe ido yana bin sautin ƙasan da ɗan yatsa a gwiwarsa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da kiɗan ya ƙare ya jinjina kai ya ce, "Ashe haɗiye mai ƙwaryarsa ya yi." Na karanta sharhi mai yawa a kan Bach, ban ga wanda ya kai wannan ba.

Kiɗan kansa guda 6 ne, Sonata uku da Partita uku. Kwafin da Bach ya rubuta da hannunsa na ɗauke da shekarar 1720, lokacin yana shugaban makaɗan fadar Yarima Leopold a wani ƙaramin garin Jamus mai suna Köthen. Kowace Sonata babi huɗu ce, na biyun shi ne abin da ake kira fuga, inda muryoyi ke bin juna da kari ɗaya, wannan ta fara waccan ta karɓa. Partita kuwa jerin kiɗan raye-rayen fadojin Turai ce. Ba a buga su a ɗab'i ba sai 1802, shekara 52 bayan rasuwarsa, kuma an daɗe ana kallon su a matsayin darasin horar da yatsu. Cikin manyan masu tsara kiɗa na Jamus, Mendelssohn ya rubuta wa Chaconne piyano na rakiya, Schumann ya yi wa duka shidan, domin a zamanin ba a saba jin goge tsura a dandali ba. Mai goge Joseph Joachim, aminin mai tsara kiɗa Brahms, shi ne ya dage da buga su tsura a gaban jama'a. Allah ya ja kwanansa har zamanin garmaho: a 1903, yana da shekara 72, an ɗauki babi biyu na Bach daga hannunsa. Faifan cike yake da ƙara kamar ana suya a bayan ɗaki, amma ka neme shi ka ji ko sau ɗaya, domin hannun yaron da Mendelssohn ya rena a harkar kiɗa kake ji. Wanda ya fara ɗaukar duka shidan shi ne Yehudi Menuhin, tsakanin 1934 da 1936, bai wuce shekara 20 ba, kuma har yau akwai wani irin zafin ƙuruciya a ciki da ke ratsa ƙarar tsohon faifai.

Me ya sa na ce ka fara da Grumiaux? Ɗan ƙasar Beljiyam ne, ya ɗauki nasa a 1960 da 1961 a kamfanin Philips. Sautinsa kamar ruwan randa ne da rana tsaka, garau, mai sanyi, ba gurɓata. Ba ya gaggawa, ba ya jan ƙafa, kuma ba ya shiga tsakaninka da Bach. Baƙo a gari yana bukatar wanda zai bi da shi ta babban titi tukuna, kafin ya bi masu yanke ta lungu. A hannunsa raye-rayen Partita na taka rawa da gaske, fuga kuma kana iya bin kowace murya da yatsa. A 1977, da Amurka ta harba kumbunan Voyager guda biyu, an maƙala wa kowane faifan zinariya mai ɗauke da kiɗe-kiɗen al'ummomin duniya, kuma a ciki akwai babin rawar da ake kira Gavotte na Partita ta uku daga wannan faifai na Grumiaux. In akwai abin da zan ce ya rage masa, to kawaici ne. A wuraren da kiɗan ke kuka, shi yana haɗiye hawayensa. Wasu wannan ne ma ya sa suke son sa, kuma na fahimce su.

Milstein ne nawa. An haife shi a Odessa, ya yi karatu a hannun Leopold Auer a Saint Petersburg, malamin da ya yaye shahararren mai goge Jascha Heifetz. Sau biyu ya ɗauki kiɗan nan shida: na farko tsakanin 1954 da 1956 a kamfanin Capitol, na biyu a 1973 a Landan, a kamfanin Deutsche Grammophon, yana dab da shekara 70. Akwai masana da yawa da suka fi son na farkon saboda ƙarfi da kaifi, ni kuwa na biyun ne ba na gajiya da shi. Abin da ke ciki magana ce. Ka san yadda dattijo ke ba da labarin da ya sani tun yana yaro: ya san inda zai ja numfashi, inda zai ɗan sassauta murya, inda zai wuce da sauri don ba nan ne zancen yake ba. Haka Milstein ke yi da lokaci. Yana ɗan jinkirta sauti guda, ya biya bashin a na gaba, amma takun ƙasa bai taɓa ɓacewa ba. Ka lura kuma da yadda yake karya dunƙulen sauti huɗu. Wasu kan faɗa masa da ƙarfi kamar mai faskare, har waƙar ta tsaya cik a jira su. Shi kuwa yana shafa tsirkiyoyin ƙasa ne a wuce, ya sauka a kan wadda ke ɗauke da waƙar, ko a tsakiya take, sai ka ji zancen bai yanke ba. A fugar Sonata ta uku, wadda ta fi duk sauran tsawo, wajen minti 10, akwai inda Bach ya kifa karin, abin da ke hawa ya koma sauka. A hannun makaɗa da yawa nan ne mai sauraro ke ɓata. A hannun Milstein kana ganin kifawar kamar an juya maka riga ka ga ɗinkin ciki. Ya ci gaba da sauya yadda yake ɗora yatsu a kan kiɗan nan har tsufansa. A wasansa na ƙarshe, a Stockholm a 1986, yana da shekara 82, ya buga Chaconne, kuma an ɗauki hoton. Ba mamaki ma shi ne dattijon da ka gani.

Tunda Chaconne ne ya jawo ka, bari mu ɗan zauna a kansa, domin nan ne za ka fi saurin gane bambancin makaɗa. Gininsa mai sauƙi ne: wani ɗan gajeren kari mai gangarowa ƙasa ake zagayawa sau 64, kowane zagaye da sabuwar riga, kamar yadda take ke nan daram a ganga kirari na sauyawa a kansa. Kashi uku ne. Na farko cikin duhu, yana ta haɗa hadari har ya kai inda izga ke kai da komo a kan tsirkiya huɗu kamar guguwa. Sai karin farko ya dawo da nauyinsa, sai komai ya lafa. Daga nan, wajen tsakiyar tafiya, kiɗan ya juya zuwa haske a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, kamar an kwana a gidan makoki, asuba ta yi, wani ya tashi ya buɗe taga. Wannan 'yar ƙofar ita ce wurin jarrabawa. Ka ji yadda kowa ke shiga ta.

Jascha Heifetz, a faifansa na 1952, yana isowa wurin jikinsa na tururi. Ba a yi mai hannu kamarsa ba a ƙarnin da ya wuce, kuma ina girmama shi matuƙa, amma a Bach ba ya ba ni abin da nake nema. Yana gama Chaconne a wajen minti 13, kullum a matse, kullum yana tunkuɗa gaba, kuma zafin muryar sama kan ƙone muryoyin ƙasa. Ka saurare shi don ka san iyakar abin da ɗan Adam zai iya da izga, amma kada ka fara da shi. Henryk Szeryng, haifaffen Poland da ya zama ɗan ƙasar Meziko, a faifansa na 1967 yana shiga ƙofar da natsuwar liman. Kowane dunƙulen sauti cikakke ne, kowace murya an ba ta haƙƙinta, har ka rantse ogan ne, babban abin kiɗan coci, ake dannawa. In ɗalibina ya kasa jin muryoyin fuga, Szeryng nake sa masa. An sassaƙa layukan ƙarshe na Chaconne a kan dutsen kabarinsa a Monaco. Hilary Hahn kuwa ta fitar da nata a 1997 tana da shekara 17, kuma Chaconne ɗinta ya kusa minti 18. Ba ta tsoron tafiyar hawainiya, sautinta kuma daidai yake kamar an auna da ma'aunin zinariya. Rabin kiɗan ta ɗauka a lokacin, ta jira shekara 21 kafin ta cika sauran ukun a 2018. Shi Milstein, in ya zo ƙofar nan, ba ya yin komai da za ka nuna da yatsa. Yana ɗan dakatawa ne kawai, ya sauke nauyin hannu, sautin ya fito kamar daga ɗaki na gaba. Na ji wurin nan ba adadi, kuma har yau ina ajiye abin da ke hannuna in ya zo.

Za ka ci karo da wani labari game da Chaconne, gara ka ji shi daga gare ni. A watan Yulin 1720 Bach ya dawo daga tafiyar da ya raka yarima zuwa Karlsbad, ya tarar matarsa Maria Barbara ta rasu har an binne ta. Wata malamar kiɗa Bajamushiya, Helga Thoene, ta kawo ra'ayin cewa Chaconne ta'aziyyar matar ce, kuma akwai waƙoƙin coci na mutuwa a ɓoye a cikinsa. A 2001 kamfanin ECM ya fitar da faifai mai suna Morimur, inda Christoph Poppen ke buga gogen mawaƙan Hilliard Ensemble na rera waɗannan waƙoƙi a kansa. Faifan na taɓa zuciya. Sai dai babu wata takarda daga Bach da ta faɗi haka, kuma masana da dama ba su yarda ba. A ganina kiɗan bai bukaci labarin ba. Brahms, wanda ya mayar da shi kiɗan piyano na hannun hagu kaɗai, ya rubuta wa Clara, matar Schumann, a 1877 cewa a kan layi guda, don ɗan ƙaramin abin kiɗa, mutumin ya rubuta duniya guda ta tunani mai zurfi. Wannan ya ishe ni.

Yawancin waɗanda na ambata da gogen zamani suka yi, mai tsirkiyar da aka naɗe da ƙarfe, da doguwar izga mai nauyi, da karkarwar yatsa a kusan kowane sauti don ya yi zaƙi. Gogen zamanin Bach ba haka yake ba. Tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce, izgarsa gajeriya ce mai sauƙi a baki, karkarwar yatsa kuma ado ce da ake sawa jefi-jefi. Daga shekarun 1970 wasu makaɗa suka koma wa wannan tsari. Sergiu Luca ya fitar da nasa a 1977, Sigiswald Kuijken ya ɗauki nasa a 1981. Da na fara jin irin wannan kiɗa sai na ji shi siriri, kamar an rage wa miya mai. Rachel Podger, 'yar Ingila, ita ce ta sauya mini ra'ayi da faifanta na 1999 a kamfanin Channel Classics. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: da gajeriyar izga sauti na fitowa ya mutu da wuri, sai a samu iska tsakanin sautuka, kuma a cikin iskar nan ne amshin da nake gaya maka ke fitowa fili. Ga kuma abin da kunnen Bahaushe zai gane nan take. Tsirkiyar hanji na da ɗan shaƙewa a murya, ɗan kaushi irin na gogenmu, wanda ƙarfe ya share. Za ka ji ta ɗan fi sauran ƙasa da rabin taki, domin haka masu bin tsohon tsari suka saba ɗaure tsirkiya, ba laifin wayarka ba ne.

Tsakanin gidajen nan biyu akwai Isabelle Faust, Bajamushiya, da ta fitar da nata kashi biyu, a 2010 da 2012, da gogen da shahararren maƙerin goge Stradivari ya ƙera a 1704. Ta ɗauki sauƙin hannu daga masu tsohon tsari, kuma ba na jin akwai wanda ya kai ta iya yin kiɗa ƙasa-ƙasa, har ka riƙe numfashi don kada ka rasa. Gidon Kremer ma ya fitar da wani a ECM a 2005, mai kaushi da gardama, kamar mutum na kokawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ina son sa ƙwarai, amma ka bar shi sai ka san hanya.

Bach ba shi ya fara rubuta wa goge shi kaɗai kiɗa ba. Wajen 1676 Heinrich Biber ya rufe jerin kiɗansa na ibadar Katolika da wata Passacaglia ta goge kaɗai, inda sauti huɗu tak ke gangarowa ana maimaita su sau 65. Kakar Chaconne ce, kuma ta fi shi sauƙin shiga kunne. Podger ta buga ta a faifanta na 2013 mai suna Guardian Angel. Telemann, wani mai tsara kiɗa na zamanin Bach, ma ya wallafa Fantasia 12 a Hamburg a 1735, gajeru masu fara'a, kuma Grumiaux ya yi musu kyakkyawar ɗauka. Na safe ne, a sha da shayi.

Paganini, gwanin goge ɗan Italiya, wata duniya ce dabam. Caprice ɗinsa 24 sun fito a Milan a 1820, shekara 100 cif bayan kwafin Bach, kuma ya sadaukar da su ga 'yan sana'a. A nan gwaninta ce ake nunawa a fili: a na 9 goge na kwaikwayon sarewa da ƙahon farauta, a na 24 akwai inda yatsun hagu ke tsinkar tsirkiya kamar mai garaya alhali izga na tsalle a kanta. Ruggiero Ricci ne ya fara ɗaukar su duka ba tare da piyano ba. Wanda nake komawa gare shi Michael Rabin ne, a faifansa na 1958, yana da shekara 22. Sautinsa mai kauri ne ko a wuri mafi wuya, kuma akwai wani baƙin ciki a ƙarƙashin bajintar. Ya rasu a 1972 yana da shekara 35. A shekarar ce Itzhak Perlman ya ɗauki nasa, mai walwala, kamar abin wasa ne a hannunsa. James Ehnes na 2009 shi ya fi kowa mayar da su waƙa. Shawarata ita ce kada ka sha su 24 a zama ɗaya. Uku ko huɗu sun isa, kamar yaji.

Wanda ya haɗa zurfin Bach da hannun Paganini shi ne Eugène Ysaÿe, ɗan Beljiyam, ana furta sunan "Izayi". A 1923 ya ji Joseph Szigeti na buga Bach, abin ya motsa shi ya rubuta Sonata 6, kowace ya yanka ta daidai jikin wani makaɗi, kamar tela ya ɗinka wa abokai shida riguna kowa da awonsa. Ta farko ta Szigeti ce, ta huɗu ta Fritz Kreisler. Ta biyu, wadda ya yi wa Jacques Thibaud, ita ce za ka fi jin daɗi bayan ka san Bach. Tana farawa da mabuɗin kiɗan Partita ta uku ta Bach da murya ƙasa-ƙasa, sai a katse shi da tsawa, ya sake leƙowa, a sake katse shi, sannan wata tsohuwar waƙar coci ta ranar hisabi ta shigo ta mamaye wurin. Mutum ne da Bach ya shiga masa ka ya ƙi fita. Ta uku, Ballade, ta George Enescu, babi ɗaya ce da ba ta wuce minti 7 ba, kuma wuta ce tun daga tsakiya har ƙarshe. Ina son Frank Peter Zimmermann saboda tsabta, da Alina Ibragimova ta 2015 saboda yadda take sauka daga ihu zuwa raɗa. Hilary Hahn ta fitar da nata a 2023, shekara 100 da rubuta su, kuma tana da gado a ciki: malaminta Jascha Brodsky almajirin Ysaÿe ne, wato jikarsa ce a karatu.

Na ƙarshe da zan ambata shi ne ya fi wuyar shiga. Béla Bartók, ɗan ƙasar Hangari, yana gudun hijira a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, ga ciwo ga rashin abin hannu, sai Menuhin ya nemi ya rubuta masa Sonata ta goge kaɗai. Ya gama ta a watan Maris na 1944 a Asheville, Menuhin ya fara buga ta a New York a watan Nuwamba na shekarar, Bartók kuma ya rasu a Satumban 1945. Babin farko sunan Chaconne ya ɗauka, na biyu fuga ce, ka ga gaisuwa ce ga Bach. Amma harshen na ƙauye ne. Bartók ya yi shekaru yana yawo da na'urar ɗaukar sauti a ƙauyukan Hangari da Romaniya, har yankin Biskra na Aljeriya ya je a 1913. A babin ƙarshe ya rubuta sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan piyano biyu maƙwabta, waɗanda kunnen Bature ke ɗauka kuskure ne, mu kuwa da muka saba da goge da algaita ba baƙinmu ba ne. Menuhin ya zaɓi sauƙaƙaƙƙiyar hanyar da Bartók ya ba shi a madadinsu, makaɗan baya ne suka dawo da su. Duk da haka faifan Menuhin na 1947 nake fara ba mutane, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babi na uku, Melodia, a hannunsa addu'a ce. Daga nan sai na Isabelle Faust, faifanta na farko, wanda ya ci mata kyautar mujallar Gramophone a 1997.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka saurari wannan kiɗa ta lasifikar waya. Tana yanke sautin ƙasa, wato tana kashe mai ƙwaryar da aka haɗiye. Ka samu iyafis mai ɗan kyau, ka jira bayan isha'i gida ya yi shiru. Ka sa Partita ta biyu ta Grumiaux tun daga farko, kada ka tsallaka zuwa Chaconne. Babi huɗu ne ke gabansa, kuma shi kaɗai ya kai tsawonsu a haɗe, duka wajen rabin awa. In ka zo na uku, Sarabande, ka kasa kunne ga sautukan farko, za ka ji inuwar Chaconne ta riga ta faɗo a kansu. Ka yi mako guda a haka. Ranar ta takwas ka sa Milstein na 1973, Partita ɗin dai, sannan ka rubuto mini abin da ka ji a daidai wurin da aka buɗe taga.